Malafar Surukina da Fankar Wutsiya

Shekarar da jan-baki suka sauka a fadamar Argungu ina aikin malamin gona, kuma ban daɗe da aure ba. Lokacin ba a yi mana jiha ba tukuna, komai daga Sakkwato yake zuwa mana, taki da iri da umarni. Jan-baki 'yan tsuntsaye ne da ba su kai cikin tafin hannu ba, amma idan suka taso sai ka ɗauka hadari ne ya haɗo. Suna jiran shinkafa ta yi nono su faɗa mata. Manoma sun ja igiyoyi da gwangwanaye, sun yi ihu har muryoyinsu sun dishe, tsuntsayen sai su tashi daga wannan gona su sauka a ta kusa. Da abin ya fi ƙarfin majajjawa sai aka aiko mana da jirgi mai saukar ungulu, ya yi feshi a wuraren da suke kwana.

A wani fili a Birnin Kebbi aka ajiye shi. Mutum biyu ke tare da shi: matuƙi, wani Bature mai jan wuya wanda ba ya son magana, da injiniya, mutumin Filato, Kirista, da ya sauka wurin wani ɗan'uwansa a unguwar Nasarawa. Ni aka haɗa da su saboda na san hanyoyi na kuma san mutane. Da sun san halina da sun nemi wani, don ni ba na iya ganin inji in wuce ban tambayi abin da kowane ƙarfe yake yi ba. Akwai masu injin niƙa a garin nan da suka daina amsa gaisuwata saboda sun san abin da ke biye da ita.

Babbar fankar da ke saman jirgin ba ta ba ni mamaki ba, ko makaho ya ji iskarta ya san ita ke ɗaga shi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wata ƙarama da aka maƙala a ƙarshen wutsiya, a tsaye, tana kallon gefe. Ba ta kallon sama balle ta ɗaga, ba ta kallon gaba balle ta ja. Na zagaya ta na sake zagayawa, jirgin a kashe, sannan na je na tsaya a kan injiniya yana wanke hannu da kananzir.

"Injiniya, wannan ta baya ado ce?"

Ya yi dariya. "Malam, ka cire wannan ado, jirgin zai yi ta juyawa a wuri ɗaya har ya faɗi. Ka taɓa ɗaure noti da ƙarfi kana tsaye a kan santsi?"

Na ce na taɓa.

"Notin ya juya nan, ƙafarka ta zame can. Haka ne. Inji yana murɗa babbar ta wannan gefe, jikin jirgin yana so ya murɗa ta ɗaya gefen. Ƙaramar tana tura wutsiya, tana hana shi."

Na ji, amma ni sai na gwada nake yarda. Ranar da muka je Argungu duba wuraren sauka, na roƙi wani masunci ya ara mini ƙaramin kwalekwale. Na tura shi inda ruwa ya kwanta, na miƙe tsaye, na ɗaga dogon gora bisa kaina na juya shi da ƙarfi zuwa dama. Hancin kwalekwalen ya karkata hagu. Daɗi ya kama ni, na sake juyawa da ƙarfin da ya fi na farko, sai ga ni cikin ruwa da takalmina da agogona. Masunta suka yi dariya har wani ya zauna a ƙasa. Ban damu ba, na ga abin da na je gani.

Daga nan injiniya ya shiga uku. Na tambaye shi yadda matuƙi yake sarrafa ta, ya nuna mini wasu matakai biyu a ƙarƙashin ƙafafunsa. Ya ce ba gudunta ake ƙarawa ba, fikafikanta ake karkatarwa su ƙara cizon iska ko su rage. Na tambayi dalilin da ya sa Baturen ke ɓata rai idan an cika tankin magani da rana tsaka. Ya ce iskar zafi ba ta da kauri, kaya kuma ga nauyi, dole inji ya ƙara ƙarfi, kuma duk ƙarfin da ya ƙara, wutsiya ce za ta biya, alhali ita ma daga injin nan ɗaya take cin nata rabon. Na tambayi amfanin ƙyallen da suke ɗaurawa a kan sanda duk inda za su sauka. Ya ce ƙaramar ba ta son iska ta buge ta daga gefe ko daga baya, tana rikita ta, shi ya sa matuƙi ke son ya sauka hancinsa na fuskantar iska.

Har ƙarar jirgin na koyi rarrabewa. Mutane suna jin ƙara ɗaya, ni ina jin biyu. Akwai mai kauri, fat-fat-fat, wadda kake ji a ƙirjinka, ta babbar ke nan. Akwai kuma wata siririya mai kaifi, irin kukan sauro a bakin kunne, wadda ke biyo bayanta. Injiniya ya ce yawancin wannan ta wutsiya ce, don tana ninka babbar gudu sau da yawa. Idan jirgin zai juya sai in ji siririyar ta sauya murya, in ce a raina, yanzu ya taka na hagu. Na zo gida ina ba matata wannan labari a kan tuwo, ta ce in dai ba fankar za ta biya mana kuɗin cefane ba, in bar ta ta ci abinci.

Abu ɗaya ne injiniya bai yi wasa da shi ba. Ranar da za mu fara shiga ƙauyuka ya kira ni gefe, fuskarsa ba dariya. Ya ce feshin da magariba ake yi, lokacin da tsuntsaye suka taru a wurin kwana, kuma lokacin kaɗan ne, saboda haka idan jirgi ya dawo ɗaukar magani ba a kashe shi. Ya ce kowa tsoron babbar yake yi, kowa yana duƙawa, alhali ita tana can sama. Ƙaramar ce daidai kan mutum, kuma idan tana gudu ba a ganinta, duk da jan fenti da farin da aka shafa mata.

"Ta gaba kawai, Malam. Inda matuƙi yana ganin mutum. Kai za ka tsaya a gaba, duk wanda zai zo ya zo ta wurinka. Kowa ya ji wannan da kunnensa, kada ka bar ko mutum ɗaya."

Na tambaye shi ko ya taɓa ganin abin da take yi wa mutum. A duk tambayoyin da na yi masa, wannan ce kaɗai bai amsa ba.

A ƙauyuka biyu na farko abin ya tafi daidai. Na ukun shi ne ƙauyen surukaina, kuma a nan ne maganar "kowa ya ji da kunnensa" ta zame mini dutse a ƙirji. Akwai mutum ɗaya a garin da ba ni da bakin gaya masa komai, mahaifin matata.

Dattijo ne dogo, mai babbar gonar shinkafa a bakin fadama, kuma gonarsa na cikin waɗanda tsuntsayen suka fi yi wa ɓarna. Matata ce 'yarsa ta fari, ko sunanta ba ya faɗa, to ina ga ni da na aure ta. Idan na je gaishe shi, tun daga nesa nake cire takalmi in durƙusa, idona a ƙasa. Shi kuma ya amsa yana kallon bango. Idan muka hangi juna a hanya, ɗayanmu zai ratse ta wani lungu, kuma sau da yawa shi ne ke riga ni ratsewa. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa ɗaga murya inda zai ji ba. Ina son mutumin ƙwarai. Amma da za a ce in faɗi kamannin fuskarsa a lokacin, da sai dai in ba da labarin ƙafafunsa da gefen rigarsa.

Aka tara mutane a ƙofar gidan mai gari don in yi bayani. Na hango shi zaune cikin dattawa, na ji sanyi a raina. Ina miƙewa tsaye, sai ya tashi a hankali ya saɓa rigarsa ya bi ta bayan masallaci. Ba fushi ba ne. Ba zai zauna surukinsa na tsaye yana ɗaga murya ba, don kada ya sa ni jin nauyi. Na yi bayanina ga kowa da kowa, ban da wanda na fi so ya ji.

Na koma wurin matata, wadda ta biyo ni ganin gida.

"Ni?" in ji ta. "In tahi in ce ma Baba kash shi bi nan, shi bi can? Malam, kai ma ka san ba ta yiwuwa. Gaya ma Sarkin Noma, abokinai na, tare su ka cin goro."

Na sami Sarkin Noma, na yi masa bayani dalla-dalla, har da zane a ƙasa. Yana ta gyaɗa kai.

"Kak ka damu, ɗana. Ni ka gaya mai da bakina."

Ya kuwa gaya masa. Sai daga baya na ji abin da ya faɗa: wai malamin gona ya ce duk mai zuwa kusa da jirgi ya duƙa sosai, fanka na sare kai. Maganar gaba da baya ta zube a hanya, don shi kansa Sarkin Noma babbar ce ta cika masa ido. Zuwa da kai ya fi aike, na sani, amma ban ga ta inda zan je da kaina ba.

Da la'asar sakaliya jirgin ya zo, ya ɗauki magani ya nufi cikin fadama. Muka ji ƙararsa tana nisa tana dawowa. Kafin ya juyo sai na ga ƙyallen kan sanda ya sauya gefe, iska ta juya. Na san abin da zai biyo baya tun kafin ya faru, har na ji wani ɗan alfahari da na sani. Matuƙin ya kewayo ya sauka hancinsa na fuskantar iska, wutsiyarsa ta karkata wajen hanyar da ta fito daga gari. Na koma gaban jirgin na tsaya inda aka ce in tsaya. Masu gangaro da durom ɗin magani suka zo ta wurina, injiniya ya duƙa yana haɗa tiyo.

Sai ga surukina. Farar riga, malafa a ka, da zabi biyu ɗaure a hannunsa, kawunansu a ƙasa. Baƙi sun zo ceton gonarsa, ba zai bari su tafi hannu sake ba. Ya bi ta gefe yadda ya ga masu durom sun bi, ya nufo gaban jirgin daidai yadda ake so. Har na fara godiya ga Allah. Sai ya ɗaga kai ya gan ni tsaye a wurin. Ya tsaya cak. Ni kuma jikina ya yi abin da ya saba, na sunkuyar da kai.

Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallon ƙasa ba, ba shi da yawa. Da na ɗago, ya riga ya juya. Ya ratse ne, kamar yadda yake ratse mini a lungunan gari. Zai kewaya ta bayan jirgin ya kai wa injiniya zabin ta ɗaya gefen, ba sai ya gifta ta gabana ba. Ya duƙa sosai yadda aka gaya masa, idonsa na satar kallon babbar fankar da ke sama. Inda ya nufa ba a ganin komai sai wani ɗan zagaye dishi-dishi a cikin iska.

Na yi ihu, ban ji muryar kaina ba. Ko da zai ji, ban san da me zan kira shi ba, ban taɓa kiransa ba. Sai na ruga. Na bi gefen jirgin, siririyar ƙarar nan tana ƙara kaifi har na ji ta a haƙorana. Na cafki rigarsa ta baya da hannu biyu na fizgo shi, muka faɗi tare cikin taɓo, na danne shi da ƙirjina. Malafar ta tashi daga kansa. Na ji wani sauti gajere, kamar an yage sabon yadi, sai ga ɓarɓashin kaba na zubo mana a jiki.

Matuƙin ya ji abin a ƙafafunsa, ya kashe inji. Ƙarar ta yi ta raguwa. Ina kwance na ga zagayen nan ya fara yin ja da fari, sannan fikafikai biyu suka bayyana, suna juyawa a hankali har suka tsaya. Da na miƙa hannu daga inda muke da na kusa taɓa su. Wurin ya yi tsit, sai kukan zabi. Rabin gari na tsaye suna kallon malamin gona kwance a kan surukinsa.

Na mirgina gefe na durƙusa. Ya tashi zaune, kansa ba komai, furfura duk taɓo. Bai dube ni ba. Zabin nan kuwa har lokacin suna hannunsa, bai sake su ba. Ya miƙe, ya miƙa wa injiniya su, ya ce, "Ga ɗan abin miya, ku yi haƙuri ba yawa." Injiniya ya karɓa. Dattijon ya juya ya kama hanyar gida, rigarsa a yage tun daga wuya har gadon baya.

Ba a sake tashi ba ranar. Injiniya ya bi fikafikan da yatsa yana dubawa har haske ya ƙare, ya ce ba su yi komai ba. Washegari aka gama feshin, tsuntsayen suka ragu, mutane suka sami abin da suka samu na shinkafa. Ni dai ba ta shinkafa nake ba. Na sa hannu a jikin mahaifin matata, na kayar da shi, na raba shi da malafarsa a gaban jama'a. Na san na yi abin da ya kamata, amma kunya ba ta jin wannan bayani. Matata ta yi kuka, ta yi mini godiya, ta sake yin kuka. Samarin gari suka fara kirana ɗan kokawa. Na daina bin hanyar gidansu, ina jin tsoron ranar da za a ce ya aiko, kuma ban san abin da aiken zai ƙunsa ba.

Ya aiko bayan an fara yankan shinkafa. Na tarar da shi a zaure da sabuwar malafa a gefensa, Sarkin Noma na zaune tsakaninmu. Na durƙusa daga bakin ƙofa na yi gaisuwa, ya amsa wa bango. Na shirya jin komai.

"Sarkin Noma," in ji shi, "tambai mini shi. Waccan ƙarama ta baya, mine na aikinta?"

Na ɗauka ban ji daidai ba. Sarkin Noma ya maimaita mini, kamar ba a ɗaki ɗaya muke ba. Sai na fara bayani, ina fuskantar Sarkin Noma. Na faɗi maganar noti da santsi. Na faɗi yadda babbar ke murɗa jirgi, ƙaramar na riƙe shi. Na ga dattijon ya ɗan matso. Da na zo kan kwalekwale da gora sai ya katse ni.

"Ce mai, ashe awa mai tuƙi na baya ta, wanda ka riƙon jirgi kash shi karkace."

Na ce wa Sarkin Noma haka ne. Ya sake tambaya, don me ba a ganinta, don me kukanta ya fi na babbar tsini, don me Baturen ya juyar da ita wajen gari ranar nan. Duk abin da na tara wata da watanni, wanda matata ta hana ni faɗa a kan tuwo, ranar na sami mai saye. Sarkin Noma ya gaji da kai saƙo ya koma cin goronsa, mu kuma muka ci gaba da yi masa magana. Na ba da labarin faɗawata ruwa a Argungu, na ji dattijon ya yi wani ɗan tari da na tabbata dariya ce ya haɗiye.

Can sai ya ɗauki sabuwar malafar yana juya ta a hannunsa.

"Gaya mai," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa, "na san hanya ta gaba ta. Shi nig gani tsaye nan, shi yas sa nik kewaya."

Na ce na sani.

"To gaya mai kuma, gobe in yag gane ni bisa hanya, kash shi duƙad da kai. Shi dube ni, in dube shi, kowa shi san inda wani yan nuhwa."

Sarkin Noma ya buɗe baki zai maimaita, sai ya fasa. Na daɗe idona na kan tabarma. Ɗaga kan nan ya fi mini gudun da na yi a gefen jirgi wuya, amma na ɗaga. Shi ma ya bar bangon ya juyo. Muka dubi juna, dukanmu biyu kunya kamar ta kashe mu, sai ya yi murmushi. Sai ranar na san yana da wushirya, irin ta matata sak.